Shekara 22 a kan keken ɗinki: wannan ma ibada ce, ko lallashina ake yi?

Tela_Fagge:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Akwai wata damuwa da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk shekara idan watan Sha'aban ya kama sai ta dawo sabuwa, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gabanku. Ni tela ne a Kano, shekarata 43, kuma shekara 22 ke nan ina kan keke. Ba ɗinki na yi burin yi da rayuwata ba. Na sauke Alƙur'ani ina ɗan shekara 15, na shiga makarantar zaure na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, na kai tsakiyar Risala, sai Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ya bar mahaifiyarmu da ƙannena shida. Kawuna ya kai ni shagon wani amininsa domin in koyi sana'a, da nufin in yi shekara biyu ko uku in koma karatu, amma har yau ban koma ba.

Biyu daga cikin waɗanda muka zauna a tabarma ɗaya da su yanzu tafsiri suke yi a masallatai. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da suke i'itikafi, ni ina shago da ƙarfe biyun dare, janareta na ƙara, shadda ta cika tebur, ina jiyo karatun limamin tahajjud ta lasifika alhali ƙafata na kan keke ina haɗa wuyan kaftani. Bara liman ya kai wata aya da na taɓa rubutawa a allo da hannuna, sai na ga hawaye ya ɗiga a kan yadin da nake ɗinkawa, na tsaya na goge shi don kada in ɓata wa mai shi kaya. Duk wanda na gaya wa sai ya ce mini aiki ma ibada ne idan an gyara niyya. Tambayata ita ce, wannan magana tana da hujja ta gaskiya, ko kuwa magana ce da ake faɗa wa wanda karatu ya kuɓuce masa domin a kwantar masa da hankali?

Abu_Hafsa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar tana da hujja. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu wanda ya taɓa cin abincin da ya fi alheri a kan wanda ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. Alƙur'ani ya ambaci cewa an sanar da shi ƙera sulke, kuma a Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi Zakariyya kafinta ne. Kai da ka riƙe uwa da marayu shida da allura da zare, ban ga ta inda asara ta shigo rayuwarka ba.

Malamin_Zaure:
Ɗana, tunda ka kai tsakiyar Risala, bari in yi maka magana irin wadda ake yi wa ɗalibai. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 miladiyya, a farkon littafinsa Ihya'u Ulumiddin, inda yake rarrabe ilmin da ya wajaba a kan kowa da wanda yake farillar kifaya, ya sanya tushen sana'o'i a cikin farillan kifaya. Ya ambaci noma da saƙa, har ya ambaci ɗinki da sunansa. Ma'anar farillar kifaya kuwa ka san ta, wato abin da idan wasu suka tsayu da shi an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari, to kowa ya yi laifi. Suturce al'aura wajibi ne, kuma limamin da kake jiyo muryarsa da sahun da ke bayansa, babu wanda ya tsaya a wurin nan face da rigar da wani irinka ya ɗinka.

Sannan Buhari, a cikin littafin ciniki, ya ware babi ya sa masa sunan tela, ya kawo hadisin Anas cewa wani tela ya gayyaci Manzon Allah cin abinci, ya amsa gayyatar, aka kawo gurasa da romo mai kabewa da busasshen nama, Anas ya gan shi yana bin gefen akushi yana tsintar kabewar. Nana A'isha kuma da aka tambaye ta abin da yake yi a gida, ta ce yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Saboda haka ba lallashinka ake yi ba. Sai dai maganar tana da sharuɗɗa, kuma ina kyautata zaton wasu za su kawo su kafin in tashi daga darasi.

Dan_Kwari:
Allah gafarta Malam, ni zan kawo ɗaya daga cikin sharuɗɗan, kuma ina roƙon mai tambaya kada ya ɗauka da shi nake. Shekara uku da suka wuce na kai wa wani tela yadin 'ya'yana huɗu tun ranar biyar ga azumi, ya yi musu awo, na ba shi kafin alƙalami, ya rantse mini cewa ranar ashirin zan karɓa. Na yi sawu ya fi shida. Ranar jajibere da daddare na tarar da ƙullin yadin a ƙarƙashin tebur, ko almakashi bai taɓa shi ba. Ƙaramin cikinsu, mai shekara shida, da tsohuwar riga ya je idi, yana tafe yana kuka, ni kuma na kasa haɗa ido da uwarsa.

Hadisi ya ce alamomin munafuki uku ne: idan ya yi zance ya yi ƙarya, idan ya yi alkawari ya saɓa, idan aka amince masa ya ci amana. Duka ukun suna iya haɗuwa a shago ɗaya cikin dare ɗaya, kuma a cikin watan azumi. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. A ganina, kafin mai sana'a ya tambaya ko aikinsa ibada ne, ya fara ƙirga mutum nawa ya ce wa gobe alhali ya san goben ba za ta yiwu ba.

Bagobiri_77:
Ni ina da ja a kan yadda ake sakin wannan magana ba tare da linzami ba. Babu mai musun falalar neman halal, amma a Suratul Jumu'a, aya ta 9, Allah ya ce idan aka yi kiran salla a tafi zuwa ga ambatonsa a bar ciniki, sannan a aya ta 10 ya ce idan an idar a watsu cikin ƙasa a nemi falalarsa. Da ciniki da salla abu ɗaya ne, da ba a ce a bar ɗaya domin ɗaya ba. A Suratun Nur, aya ta 37, mazajen da aka yaba su ne waɗanda fatauci da ciniki ba sa shagaltar da su daga ambaton Allah. Na sha ganin mutum yana haɗa Azahar da La'asar a kasuwa, idan ka yi masa magana ya ce ai neman na kai ma ibada ne.

Daren Lailatul Ƙadari ya fi wata dubu, wato sama da shekara 83. Kaftani ana iya ɗinka shi a watan Rajab, amma wannan dare ba ya zuwa a Rajab. Hawayen da Malam Tela ya zubar gaskiya suka faɗa masa, kuma ina tsoron kada mu taru mu kashe masa abin da Allah ya raya a zuciyarsa da sunan muna ba shi haƙuri.

Ummu_Sadik:
Ina karanta tambayar nan na ji kamar ni na rubuta ta. Mu mata wannan ita ce rayuwarmu a kowane azumi. Daga La'asar ina tsaye a kan kunu da ƙosai da tuwo na mutum goma sha ɗaya, bayan buɗa baki ga wanke-wanke, idan maigida da yara maza suka tafi tarawihi ni ina goye da jariri, ƙarfe uku kuma na tashi ɗora sahur. Kafin aure ina sauke Alƙur'ani sau biyu a watan, yanzu da ƙyar nake yin izu goma. An gaya mini cewa wanda ya ciyar da mai azumi yana da kwatankwacin ladansa, kuma na yi imani da haka. Amma ina goyon bayan Malam Bagobiri a wuri ɗaya: ladan girki bai taɓa cire mini kewar Alƙur'ani ba, kuma ban so ya cire.

Tela_Fagge:
Na gode muku ƙwarai. Malam, Allah ya ƙara lafiya, ban taɓa sanin Buhari ya yi wa tela babi ba, kuma na karanta wa yaran shagona maganarka da safen nan. Alhaji Dan_Kwari, ban ji haushi ba, domin ba zan wanke kaina ba. Ban taɓa cin yadin kowa ba, amma na sha karɓar aiki ranar 22 ga azumi alhali na san na riga na cika, saboda kunyar mai kawowa ko saboda kwaɗayin kuɗin. Sau biyu na hana mutane kwalliyar salla, kuma ɗaya daga cikinsu har yau ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Ban taɓa haɗa wannan da damuwar da na kawo ba sai da ka faɗa.

Game da maganar Malam Bagobiri, farilla dai ban yarda ta wuce ni ba, ko ana tsakiyar aiki ina rufe shago. Abin da ke wuce ni shi ne tarawihi da tahajjud da karatu.

Dalibin_Tarihi:
Ina so in ƙara wani abu daga tarihinmu, domin raba karatu da sana'a da muke yi yanzu, kamar dole mutum ya zaɓi ɗaya, ba haka magabatanmu suka ɗauke shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, kuma a ciki ya umarce shi da ya kula da masu sana'ar da jama'a ba sa wadatuwa da barinsu. Ya lissafa manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya ce a rarraba su a garuruwa gwargwadon buƙata. Shi ne kuma ya rubuta Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen neman abin kai, inda ya ƙarfafa cin guminka a kan dogaro da hannun mutane. Wannan malami ne ɗan malami, kuma shugaban daula, amma bai ga tela a matsayin wanda ya faɗi daga sahun masu addini ba.

Ko a cikin birnin Kano, malaman zaure da gardawa da yawa da ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga suka rayu, allura a hannu, littafi a gaba, ɗalibi na biyawa suna gyara masa. Abin da ya sauya shi ne keke mai amfani da wuta da janareta da tarin aikin da ake so a gama cikin mako biyu, waɗanda ba sa barin kunne ya ji wani abu.

Nas_Wusasa:
Salama gare ku duka. Ni Kirista ce, ma'aikaciyar jinya, kuma ina fata ba za a ga na yi shisshigi ba, domin wannan tambaya tana damunmu mu ma. Shekara 17 ina aikin asibiti, kuma na yi Kirsimeti da Ista da yawa a ɗakin haihuwa ina jiyo ƙararrawar coci daga nesa. A wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Kolosiyawa, sura 3 aya 23, an ce mana duk abin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya kamar Ubangiji muke yi wa, kuma shi kansa Bulus da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa. A Ayyukan Manzanni sura 9 akwai labarin Tabita, wata mata a Yafa, wadda da ta rasu gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka tun tana raye. Abin da suka riƙe a hannu a matsayin shaidarta ke nan.

Amma a Luka sura 10 akwai labarin Marta da Maryamu, inda Marta ta shagala da hidimar baƙi, Maryamu kuwa ta zauna tana sauraro, kuma Maryamu aka ce ta zaɓi rabo mai kyau. Saboda haka abin da Malam Bagobiri ya faɗa mu ma muna da irinsa. Ni dai abin da na gani shi ne, duk lokacin da na daɗe ban keɓe na yi addu'a ba, hannuna yakan yi nauyi a kan marasa lafiya, muryata ta yi kaushi, ko da ina gaya wa kaina cewa bautar Allah nake yi.

Abu_Hafsa:
Ba ki yi shisshigi ba, 'yar'uwa, kuma jimlarki ta ƙarshe ta yi daidai da abin da ke Suratul Ankabut, aya ta 45, cewa salla tana hana alfasha da abin ƙi.

Malamar_Firamare:
Ina da wani ƙorafi a kan kalmar nan ta aiki ibada ne, daga wata fuska da ba a taɓo ba. Na koyar shekara tara a wata makaranta mai zaman kanta, kuma akwai lokacin da aka riƙe mana albashi wata uku. Duk sanda muka je ofis sai mai makarantar ya ce koyarwa ibada ce, ladanmu yana wurin Allah, alhali iyaye sun biya kuɗin zango. Tun daga nan nake jin tsoron wannan kalma idan ta fito daga bakin wanda ake yi wa aikin. A hadisin ƙudusi da ke Buhari, Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya cika masa aiki, shi kuma bai ba shi ladansa ba.

Don haka ina da tambaya ga Malam Tela, cikin girmamawa. Ka ambaci yaran shagonka. Su ma suna nan da ƙarfe biyun dare? Wa ya tambaye su ko suna son zuwa tahajjud, kuma me ake ba su idan salla ta wuce?

Manomin_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu manoma mun ga irin wannan a shekarun da azumi ya faɗo cikin damina, kamar 2013 zuwa 2015, lokacin da ya zo tsakanin watannin Yuni da Agusta. Idan ruwa ya sauka da dare, da safe sai shuka, kuma noman firi ba ya jiran kowa, domin idan ciyawa ta rufe gero shekarar ta tafi. Mun yi noma da ƙishirwa, da daddare kuma jiki ba ya iya tsayuwa mai tsawo. Malamanmu sun karanta mana hadisin da ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka a gare shi, kuma da wannan muka samu natsuwa. Sai dai bambancinmu da tela shi ne, mu ba mu da ikon matsar da damina, shi kuwa wataƙila yana da ikon matsar da aikinsa.

Baba_Mai_Keke:
Jikana ne ya nuna mini wannan muhawara, shi ne kuma yake rubuta mini. Na yi shekara fiye da 40 ina ɗinki, tun zamanin keken ƙafa da dutsen guga na gawayi. Ɗana Tela_Fagge, ni ma na yi irin kukan da ka yi. Abin da na yi shi ne na sayi littafi mai layi, na zauna na ƙirga kayan da ni da yarana biyu za mu iya gamawa a yini ɗaya ba tare da mun kwana a shago ba, na ninka da kwanakin da ke tsakanin farkon Sha'aban da 20 ga azumi. Duk wanda ya kawo aiki sai in rubuta sunansa da ranarsa a gabansa. Idan layin ya cika na rufe littafi, ko ɗan sarki ne ya zo sai in ba shi haƙuri in nuna masa wani shagon.

Shekara biyun farko na yi asara sosai, wasu manyan masu kawo mini aiki suka yi fushi suka tafi, har uwargidana ta tambaye ni ko lafiya. Daga baya mutane suka gane cewa ranar da na faɗa ita ce ranar, suka riƙa kawo yadi tun Rajab. Ban yi arziki ba, gidan da nake ciki ɗaki uku ne. Amma shekara 19 ina samun goman ƙarshe a masallaci, kuma babu wanda yake kauce mini a hanya.

Matashin_Tela:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka abin koyi ce, amma ina roƙon a duba halin da muke ciki yanzu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da janareta ke sha a dare ɗaya ya ninka sau da yawa, ga kuɗin hayar shago, ga zare da maɓalli duk sun tashi. Ɗinkin ƙaramar salla da na babba su ne suke riƙe mu sauran shekara, domin akwai watannin da sai mu yi kwana uku ba a kawo ko gyaran wando ba. Sannan masu kawo aikin ba don sakaci suke makara ba. Ma'aikaci sai albashi ya shigo yake sayen yadi, ɗan kasuwa sai ya ga abin da ciniki ya bari. Idan na rufe littafi ranar 10 ga azumi, talakan da bai samu kuɗi ba sai ranar 23 shi na kora, mai hali kuwa ya riga ya kawo nasa. Ban ga yadda wannan ya fi kusa da tsoron Allah ba.

Dan_Kwari:
Wannan gaskiya ne, mu ma a kasuwa cinikin yadi ba ya tashi sosai sai azumi ya raba. Amma ƙanena, da a ce mini babu wuri in tafi wani shago, da a karɓa a ajiye a ƙarƙashin tebur, na farkon ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba.

Malamin_Zaure:
Na dawo na tarar an kawo sharuɗɗan fiye da yadda na zata. Abin da Bagobiri ya faɗa daidai ne, kuma bai ci karo da nawa ba. Malamai sun bambanta ibadar da aka shar'anta ta da siffarta da lokacinta, kamar salla da azumi, da al'adar da niyya take mayar da ita abin lada, kamar ci da barci da sana'a. Ta biyun ba ta zama a madadin ta farkon. Amma a tuna tarawihi da tahajjud nafila ne, ciyar da iyali da cika alkawari kuwa wajibi ne, kuma hadisin ƙudusi ya ce bawa bai kusanci Allah da wani abu da ya fi soyuwa gare shi a kan abin da ya farlanta masa ba. A Sahihu Muslim kuma an ruwaito daga Usman cewa wanda ya yi Isha'i a jam'i kamar ya tsaya rabin dare ne, wanda ya yi Asuba a jam'i kamar ya sallaci dare duka. Wannan ƙofa a buɗe take ga tela da yaransa da matashin da ya yi magana a kan hayar shago.

Kewar da Ummu_Sadik ta ambata, sahabi Hanzala ya ji irinta har ya ce ya yi munafunci, saboda idan yana gaban Manzon Allah kamar yana ganin wuta da aljanna, idan ya koma cikin iyali da dukiya sai ya manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka, suka tafi wurin Manzon Allah tare, ya amsa musu cewa sa'a da sa'a ne, wato kowanne da lokacinsa.

Kai kuma ɗana, akwai abin da ban yarda da shi ba a tambayarka, wato cewa karatu ya kuɓuce maka. Ka tuna a farkon Ahalari an ce bai halatta ga baligi ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Rabin Risalar da ba ka karanta ba, a nan babin ciniki da ijara, wato haya da ƙwadago, yake, a nan ne mai littafin, Ibnu Abi Zaid, ya ce masu sana'a suna lamunce abin da aka ba su suka keɓanta da shi. Wato shekara 22 kana aiki da babin da ka tsaya kafin ka kai gare shi. Gemu ba ya hana ilmi. Ka nemi malami a unguwarku, ko ɗaya daga cikin abokan naka biyu, ka riƙa ɗaukar layi biyar bayan Asuba.

Bagobiri_77:
Na karɓi bayanin Malam a kan farilla da nafila. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne, ciyar da iyali wajibi ne, amma ba kowane kaftani da aka karɓa ranar 25 ga azumi ne ciyar da iyali ba. Akwai inda buƙata take ƙarewa, ƙari ya fara, kuma babu mai iya nuna wannan iyaka daga waje sai mai shagon.

Tela_Fagge:
Malama, tambayarki ta hana ni barci jiya. Yarana uku ne, babbansu shekararsa 19, kuma duk daren da na kwana a shago su ma sun kwana. Ina ba su abin buɗa baki da sahur, ina ɗinka musu kayan salla, ina ba su abin da ya sawwaƙa, amma ban taɓa yanka musu lada sananne ba, ban kuma taɓa tambayarsu ko suna son zuwa masallaci ba. Ina kukan abin da ya wuce ni, ban lura ni ma ina hana wasu ba. Ɗaya daga cikinsu izu 40 gare shi.

Na sayi littafi irin na Baba, sai dai ba zan iya rufewa da wuri kamar yadda ya yi ba, domin maganar Matashin_Tela ita ce halin da nake ciki. Abin da na yanke shi ne zan bar gurbin mutum 15 ga masu zuwa a makare, idan ya cika shi ke nan, kuma a dararen mara na goman ƙarshe za mu kashe janareta daga ƙarfe ɗaya zuwa uku. Na je wurin abokin nawa ɗaya na gaya masa ina son ci gaba da Risala, na ji nauyi ƙwarai kafin in buɗe baki, shi kuwa ya ce in zo ranar Asabar. Ban san ko damuwar za ta tafi ba, domin ko da na ga littattafansa a kan kanta sai da zuciyata ta sake yin nauyi.

Malam, tunda ka ambaci babin ijara, ina da tambaya tun kafin Asabar. Ragowar yadi da ke saura bayan an yanka, wanda wani lokaci yakan isa hular yaro ko aljihu, mu a sana'a mun saba ajiyewa ba tare da mun tambaya ba. Na wane ne?

Baba_Mai_Keke:
Ni dai abin da ya kai faɗin tafin hannu biyu ina naɗe shi in sa a cikin aljihun rigar, mai shi ya gani idan ya je gida. Da yawa sukan dawo mini da shi su ce in riƙe.

Matashin_Tela:
To ƙyallayen da ba su kai haka ba fa, waɗanda muke tarawa a buhu masu yin katifa da matashin kai su saya? Kuɗinsu ba shi da yawa, amma a shagonmu da shi yara suke sayen ruwan sanyi. Ina jiran amsar Malam a kan wannan ma.